Farin Ruwa da Baƙin Ruwa: Tadabburi a Kan Ni'imar Ido

Godiya ta tabbata ga Allah, Maƙagin haske da abin da ke karɓar haske, wanda ya ƙera wa bawa idanu tun yana cikin duhun mahaifa, inda babu abin gani balle mai nunawa, domin tanadin wata duniya da bai iso ta ba tukuna. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabin rahama da alayensa da sahabbansa. Bayan haka.

Duk wanda ya zauna ƙasar Bagudo ya san kogin Kwara yana cika sau biyu a shekara. Akwai cikar damina, lokacin da ruwan sama ke kwaso laka daga gonaki da rafuka na kusa ya zuba a gulbi, ruwan ya yi fari-fari kamar koko. Akwai kuma cikar hunturu, wadda ke zuwa sama ba ko ɗigo: ruwa ne da ya sauka a duwatsun ƙasar Gini tun watanni da suka shige, ya bazu cikin babbar fadamar ƙasar Mali, ya sauke lakarsa a can, sannan ya gangaro a hankali ta Yamai da Gaya har ya shigo mana ta wajen Lolo. Masana kogi suna kiran na farko farin ruwa, na biyu baƙin ruwa. Wanda ya tsaya kan gadar Tuga a lokutan biyu zai ga abin lura, domin farin shi ne gurɓatacce, baƙin kuwa shi ne tatacce. Ya yi baƙi ne saboda garai yake, haske yana nutsewa cikinsa ba ya dawowa.

To, mu ɗauki jinjiri mu kalli tsakiyar idonsa. Wannan baƙin ɗigo da muke gani babu launin komai a jikinsa. Kafa ce buɗaɗɗiya, kuma duk abin da ke bayanta garai yake har ƙurya, shi ya sa hasken da ya shiga ba ya juyowa. Mu waiwaya ga tsohon da ake ja da sanda a kasuwar Ka'oje, sau da yawa za mu tarar wannan ɗigon nasa ya koma fari. Ashe ayar da aka rubuta a gulbi an sake rubuta ta a fuskokinmu. Hausawa sun ce, ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani yau da gobe. Idon kansa bai tsira daga wannan raini ba, don kuwa tun buɗe shi da asuba har rufe shi da dare muna aiki da shi, kuma da wuya mu tuna da shi sai ranar da ƙaiƙayi ya faɗa ciki.

Ƙwallon ido gaba ɗayansa bai wuce milimita 24 ba daga gaba zuwa baya, ɗan goro madaidaici ke nan, kuma mafi yawansa ruwa ne. An ajiye shi cikin kwarmin ƙashi, an yi masa matashi da kitse, an ɗaura masa tsokoki 6 masu juya shi duk inda zuciya ta nufa, an sa gira ta tare masa gumi, gashin ido ya tare masa ƙura. Fatar ido kuma tana share shi wajen sau 15 zuwa 20 a minti guda ba tare da mun ba ta umarni ba, kowace ƙiftawa tana shimfiɗa sabon hawaye. Hawayen nan ma hawa uku ne: majina mai laushi da ke manne shi ga ido, ruwa mai gishiri da sinadarin kashe ƙwayoyin cuta, sai ɗan maiƙo a sama don kada iskar hunturu ta busar da shi nan take. In ya gama aikinsa sai ya bi wata 'yar kafa a lungun ido ya sauka hanci, daga nan maƙogwaro. Malaman fiƙihunmu na Malikiyya sun san da wannan hanya tun da daɗewa, shi ya sa suka tattauna hukuncin mai azumin da ya sa kwalli da rana ya ji ɗanɗanonsa a maƙoshi.

Amma inda hankali ya fi tsayawa shi ne al'amarin tsarkakar hanyar haske. Duk nama mai rai yana bukatar jini, jini kuwa ja ne, haske ba ya ratsa shi. Yaya za a yi tagar da take da rai, tana ci tana sha tana warkewa in ta ji rauni, kuma ta zauna garai kamar ruwan rijiya? Sai Mai hikima ya hana jijiyoyin jini shiga gilashin waje, wato fatar nan mai sheƙi da ta rufe baƙin ido, wadda likitoci ke kira koniya. Ya sa tana shaƙar iska kai tsaye ta cikin hawaye, tana samun abinci daga wani tataccen ruwa da ke bayanta. Ita ce ke yin kusan kashi biyu cikin uku na aikin tanƙwara haske. A bayanta akwai zobe mai launi da ke tsuke kafar ido da rana ya buɗa ta da dare, sannan gilashin ciki, wanda Larabawa ke kira adasa, ɗan ƙarami mai taushi, yana kumbura in mun dubi allura a hannunmu, yana bajewa in mun hangi kwalekwale a ƙetaren gulbi. Shi ma ba shi da jijiyar jini ko ɗaya. Ƙwayoyin halittarsa har zubar da kayan cikinsu suke yi don kada su tare haske, kuma abin da aka gina tsakiyarsa da shi tun muna cikin uwa ba a sake shi. Shi ne dai muke ɗauke da shi har ranar da wani zai shafe mana ido. Tsarki ya tabbata ga wanda ya kyautata halittar kowane abu.

A ƙuryar ido aka shimfiɗa wata fata mai kauri kamar na takarda biyu uku. Larabawa sun kira ta shabakiyya, ma'ana mai kama da taru, kuma Basarken da ya kwana yana jefa taru a Kwara zai fi kowa gane dacewar sunan, domin aikinta kamun haske. Tana ɗauke da ƙwayoyi iri biyu. Iri na farko, wajen miliyan 100, su ne ma'aikatan dare, ba ruwansu da launi. Shi ya sa a farin wata muke ganin saniya amma ba mu iya rantsuwa kan launinta. Na biyu, miliyan 5 zuwa 6, su ne na rana, sun taru a tsakiya, da su muke bambance wasali da ɗigo a rubutun allo, da shinkafar da ta nuna da wadda ta saura. Wanda ya fito daga ƙwallewar rana ya shiga zaure zai tsaya cik ba ya ganin ko tabarma, sai a hankali abubuwa su fara bayyana. Ma'aikatan dare ne ke haɗa sinadarinsu, kuma sukan ɗauki kusan rabin sa'a kafin su kammala. Wannan sinadari daga bitamin A ake yin sa, wanda aka zuba mana cikin zogale da hanta da manja da mangwaro da kabewa. Idan ya yi ƙaranci a jiki sai a samu dundumi: yaro na wasa lafiya lau da rana, magariba na yi ya koma laluben bango.

Hoton da ke sauka kan tarun nan a kife yake, sama a ƙasa, dama a hagu. Daga nan zaruruwa fiye da miliyan guda, waɗanda aka tufke su suka zama jijiyar gani, suna kai saƙon can ƙeya, inda ƙwaƙwalwa ke haɗa abin da idon dama ya kawo da na hagu ta fitar da duniya guda a miƙe, mai nisa da kusa. A daidai inda jijiyar ta fita daga ido babu ƙwayar kamun haske ko ɗaya, don haka kowannenmu yana yawo da ɗan gurbin makanta a kowane ido, an dai rufa masa asiri ne bai sani ba. Mutanen da sun daɗe suna zaton wani haske ne ke fita daga ido ya taɓo abin da ake kallo, har sai da Hasan ɗan Haisam, mutumin Basra da ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya tabbatar da hujja da gwaji cikin littafinsa Kitabul Manazir cewa hasken shigowa yake yi. Wannan ma abin i'itibari ne: ido ba ya ba da komai daga wurinsa, mai karɓa ne kawai, kamar dai bawan da ke ɗauke da shi.

Mafi sauƙin abin da kan samu wannan tsari shi ne kuskuren awo. In ƙwallon ya ɗan zarce tsawo sai nesa ta yi hazo, kamar ɗalibin da ba ya ganin allon aji sai ya matsa gaba, malami na ɗaukarsa daƙiƙi alhali tabarau kawai yake bukata. Da mutum ya haura arba'in kuma gilashin ciki yakan fara tauri, sai ka ga alaramma yana nesanta Alƙur'ani da fuskarsa, tela yana miƙa wa yaro allura ya zura masa zare. Wannan furfurar ido ce, kowa zai same ta in ya yi tsawon rai, tabaron karatu na maganinta, kuma zancen da ake yi cewa sa gilashi yana ƙara kashe ido ba shi da tushe.

Yanar ido ita ce babbar matsalar. Mutane da yawa suna zaton wata fata ce ke tsirowa a saman ido, amma gilashin cikin ne da kansa ke gurɓacewa, tataccen ruwa ya koma farin ruwa, galibi saboda shekaru, wani lokaci saboda ciwon suga ko bugu. Tana farawa kamar hazon da ba ya washewa, fitilar babur da dare ta riƙa tarwatsewa a ido, har a kai ga mutum ba ya bambance komai sai dare da rana. Binciken da aka gudanar a faɗin Najeriya daga 2005 zuwa 2007 ya nuna cewa cikin kowane mutum 100 masu shekara 40 zuwa sama kimanin 4 makafi ne, kashi 43 cikin 100 na wannan makanta yana ce ta jawo ta, kuma kashi 84 cikin 100 na makantar ana iya hana ta ko a warkar da ita. Wannan adadi na ƙarshe ya isa ya hana mu barci.

A ƙauyukanmu har yau ana samun masu yawo da tsinke, su soki ido su tura gurɓataccen gilashin ya faɗa ciki. Haske yakan shigo a ranar, dangi su yi murna, a biya, mai tsinke ya ƙara gaba. Bayan makonni ido ya kumbura ya mutu, ko ya zauna ba ya tantance komai don an raba shi da abin tattara haskensa. Ba mu faɗi haka don wulaƙanta magabata ba, a zamaninsu iyakar abin da aka sani ke nan. Amma tun kusan shekara dubu da ta wuce likitan nan Ammar ɗan Ali, mutumin Mausil, ya ƙera allura mai rami don ya zuƙo yanar waje maimakon tura ta ciki. A 1949 kuma wani likita a Landan, Harold Ridley, wanda ya lura cewa ɓarɓashin robar tagar jirgin yaƙi yana zama cikin idon matuƙa ba tare da ido ya ƙi shi ba, ya dasa gilashin roba na farko a madadin na halitta. Yau aikin ba ya cin rabin sa'a, mutum na farke, ana yin sa a Birnin Kebbi da Sakkwato, da Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, da asibitocin ido na Kano. Wanda yake da ruwa a gabansa, taimama ba ta inganta gare shi.

Akwai kuma makantar da ba ta canza launin ido, kuma ta fi ban tsoro. Tataccen ruwan nan da ke ciyar da gaban ido kullum ana yin sabo, tsohon yana tsiyayewa ta wata magudana siririya. In magudanar ta toshe sai matsi ya ƙaru, ya riƙa kashe zaruruwan jijiyar gani ɗaya bayan ɗaya. Jama'a na ce masa hawan jinin ido, ko da yake ruwa ne ya hau, jini bai shiga zancen ba. Likitoci na cewa gulakoma. Yawanci ba ciwo ba ja, daga gefe yake fara ci, mutum na ganin gabansa yana tuntuɓe da turmi, kafin ya farga an yi nisa, kuma zaren da ya mutu ba ya dawowa. Ya fi yawa a jinin mutanen Afirka ta Yamma, yana bin dangi, shi ne na biyu bayan yana wajen makantar da mu. Duk wanda ya kai arba'in, musamman in a gidansu an taɓa samun mai ido garau amma ba ya gani, ya kai kansa a auna. Wanda aka ɗora wa maganin ɗigawa kuma kada ya ajiye shi don azumi. Ya tambayi likita yadda zai mayar da shi sahur da buɗa-baki.

Gilashin waje shi ma yana yin fari, shi ne hakiya, kuma a ƙasar shinkafa irin tamu ƙofofinta da yawa. Lokacin bugu da sheƙa a fadama, ƙaiƙayi ɗaya ya isa ya karce ido, ƙwayar cuta ta shiga. Ƙyanda kan yi wa yaron da ba a yi wa rigakafi ba irin wannan ɓarna. Amosanin ido kuma, wanda ƙuda da hannu da gefen zane ke ɗauka daga kwantsar wannan yaro zuwa wancan, yana maimaituwa shekara da shekaru har fatar ido ta nannaɗe ciki, gashin ya riƙa gogar ido a kowace ƙiftawa. Mun sha ganin tsofaffin mata da ɗan matsefin tsige gashi rataye a wuya. Mu manya alwala tana wanke mana fuska sau biyar a yini, amma yaran da salla ba ta hau kansu ba wa ke wanke tasu? Abin da ya fi ƙona rai shi ne hakiyar da muke jawowa da hannunmu: ido ya yi ja, ko afolo ta shigo gari, sai a ɗiga ruwan suga, ko ruwan albasa, ko fitsari, ko wani magani da aka saya a kemis ba da sanin abin da ke cikinsa ba. Wurin da Mahalicci ya hana ko jinin jikinmu shiga don ya zauna garai, bai kamata mu zuba masa abin da muka ga dama ba.

Zama a bakin iyaka ya koya mana wani darasin ta hanyar makantar kogi. Wani ɗan baƙin ƙuda ne da ke hayayyafa a ruwa mai gudu kan duwatsu, irin na kogunan Sota da Alibori da Mekuru a arewacin Benin da rafukan ƙasar Bargu, yake ɗaukar tsutsa daga jikin wani ya sa wa wani. Uwar tsutsar takan yi shekara 10 zuwa 15 cikin ƙulli a ƙarƙashin fata tana zuba 'ya'ya, su bi fata da ƙaiƙayi mai hana barci, su shiga ido su kashe shi. An yi zamanin da ƙauyuka a Afirka ta Yamma suka tashi suka bar ƙasa mai albarka saboda shi. Daga 1974 zuwa 2002 aka yi ta feshin koguna ta jirgin sama a ƙasashen yankin, Benin da Nijar na ciki, Najeriya ba ta ciki. Daga 1987 kamfanin Merck ya fara ba da maganin Mectizan kyauta, aka riƙa raba shi gida-gida, ana auna tsawon mutum da sanda mai zane don a san ƙwaya nawa zai sha. Ƙuda ba ya tsayawa a shingen Tsamiya a duba masa takarda kafin ya wuce Segbana, kuma Bafulatanin da ya kwana Ka'oje da shanunsa gobe yana iya wayar gari a ƙetare. Lafiyar idon wannan gefe tana rataye da ta wancan. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa Benin ta fi ƙarfin amosanin ido, a farkon 2025 kuma ta shaida cewa Nijar ta rabu da makantar kogi, ita ce ta farko a Afirka. Maƙwabtanmu ne na jini da kasuwa, ruwa guda muke sha.

Muna jin masu cewa makanta ƙaddara ce, kuma gaskiya suka faɗa, babu abin da ke fita daga ƙaddara. Sai dai likita ma ƙaddara ne, hanyar Birnin Kebbi ma ƙaddara ce. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, da nauyin daula a kansa, ya zauna ya yi rubutu kan magani har ya keɓe wa ciwon ido nasa, kuma ba wanda zai ce mun fi shi tawakkali. Shari'a ta sa diyyar idanu biyu daidai da diyyar rai sukutum. Wanda kuwa aka jarrabe shi da rashin da ba ya gyaruwa, darajarsa na nan: saboda makaho aka saukar da farkon suratu Abasa, shi ne Abdullahi ɗan Ummi Maktum, wanda ya yi ladanci a Madina kuma aka sha bar masa riƙon garin. Mun san makafi mahaddata da basirarsu ta fi ta masu ido biyu. Girmama su wajibi ne, kamar yadda yake wajibi mu duba ko cikin waɗanda muke kira makafi akwai wanda rabin sa'a kawai ke tsakaninsa da gani.

Mun taɓa tsayawa a ɗakin jinya washegarin aikin cire yanar ido. Wata tsohuwa ce daga wajen Illo, jikarta ta yi shekara uku tana ja mata sanda, ta bar makaranta saboda haka. Ma'aikacin ya durƙusa ya ɓare auduga a hankali, ya goge kwantsa, ya ɗaga hannu. Ya ce, “Inna, yatsu nawa ne nan?” Ta yi ƙifce-ƙifce, hawaye na zuba, ba ta amsa masa ba. Sai ta juya ta kama haɓar yarinyar ta daɗe tana kallo, ta ce, “Ke, ashe haka kika girma? Wa ya yi miki wannan kitso?” Ma'aikacin ya sake tambaya, ta ce, “Uku ne, ɗana, Allah ya yi maka albarka.” Da muka matsa muka dubi idon, farin ya tafi, ɗigon ya koma baƙi wuluk kamar Kwara a watan Janairu.